Kafin ku biya kuɗin makaranta, ku nemi ganin takardar sakamako

Iyaye a unguwannin Aboabo, Asawase da Sawaba na Kumasi kan zaɓi makaranta da ginin bene, motar ɗaukar yara da kuɗin zango. Ni kuwa shawarata ita ce ku fara da takardar sakamakon da ake ba yaro, don a nan ake gane yadda malamai ke kallon ɗanku.

Akwai makarantun da har yanzu jeri suke yi: wane na ɗaya, wane na talatin. Tsarin yana da sauƙin ganewa ko ga kakar da ba ta yi boko ba, kuma yana zaburar da 'yan sahun gaba. Amma yaron da ya zo na ƙarshe zango uku a jere yakan yanke wa kansa hukunci cewa shi daƙiƙi ne, alhali takardar ba ta faɗa masa ko rabawa ce ke ba shi wuya ko haɗa baƙi ba.

Ɗaya tsarin ya zo da manhajar da hukumar NaCCA, mai tsara manhajar makarantun Ghana, ta shigo da ita a 2019, daga ajin reno zuwa aji shida. Ana auna yaro ne da abin da ya kamata ya iya, a mataki biyar, daga mai tasowa zuwa wanda ya ƙware sosai. Wannan ba baƙon abu ba ne a unguwanninmu na zango: a makarantar allo ba a wanke allo sai yaro ya biya daidai, ba kuma wanda ke cewa ya faɗi. Binciken Carol Dweck ta Jami'ar Stanford ya nuna cewa yaran da suka yarda ƙwazo na ƙara basira sun fi jure wa darasi mai wuya. Wannan tsarin na fi so.

Sai dai a yi hattara, wasu sunan kawai suka sauya. Maki ɗaya ne na jarrabawar ƙarshen zango, aka manna masa sabon laƙabi. Ku ce wa shugaban makaranta: "Malam, idan yarona ya kasa wani darasi, za a sake koya masa a sake gwada shi?" Ku buɗe littafin aikin wani ɗalibi ku duba jan biro. Gyara aka rubuta, ko sifili kawai? Ku kuma tambayi yawan yara a aji, domin malami ɗaya ba zai iya bin sawun yara sittin ɗaya bayan ɗaya ba.

Ga mai ɗa a ƙaramar sakandare, lissafin ya ɗan bambanta. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE ta hukumar WAEC, har yanzu daraja 1 zuwa 9 take bayarwa, da ita ake raba gurbin babbar sakandare. Ku nemi makarantar da ke haɗa gyaran kuskure da jarrabawar gwaji a shekarar ƙarshe, ko ta gwamnati ce, ko ta kuɗi, ko wadda ke ƙarƙashin sashen ilimin Islama.