Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja: wanne za a fara saya wa yaro?

Iyaye sun sha yi mini wannan tambaya, tunda duk biyun na Abubakar Imam ne. Ruwan Bagaja, wanda ya fito a 1934, ɗan siriri ne, kuɗinsa bai kai na Magana Jari Ce mai juzu'i uku ba. Sai dai labari ne guda dogo, yaron da karatunsa bai nuna ba kan ɓata a hanya. Ga kuma zambar da taurarin labarin, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ke ƙulla wa juna, gara da babba a kusa. Magana Jari Ce kuwa gajerun labarai ne daga bakin aku, a karanta ɗaya bayan isha'i a rufe.

Ɗan firamare a ba shi juzu'i na ɗaya. Ɗan sakandare mai son barkwanci, Ruwan Bagaja ne nasa.