Kurfoti mai cikin yumɓu: abin da ya rage mana a kuɗin gawayi a Aboabo

A ƙarshen shekarar 2022, lokacin da hauhawar farashin kaya a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba, na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta na fara rubuta duk abin da yake fita daga kuɗin cefane, domin kuɗin da maigida yake bayarwa bai ragu ba, amma ya daina kai mu ƙarshen mako. Mu bakwai ne a gida, ni da maigida da mahaifiyarsa da yara huɗu, muna zaune a gidan haya a unguwar Aboabo da ke birnin Kumasi, kuma girkinmu a tsakar gida ne kamar na sauran matan gidan. Muna da silindar gas mai kilo 14.5, sai dai cika ta yana buƙatar kuɗi a dunƙule, don haka muka bar ta ga shayin safe da ɗumame, aka bar wa gawayi duk abin da yake daɗewa a wuta, wato wake da tuwo da nama. Bayan wata guda ina rubutu, sai na tarar cewa idan aka cire shinkafa da mai, babu abin da yake cin kuɗinmu kamar gawayi, alhali ban taɓa sa shi a lissafin manyan abubuwa ba. Wannan ne ya kai ni ga sayen kurfotin da zan yi bayani a kansa.

A Kumasi duk wani kurfoti mai yumɓu a ciki mutane suna kiransa gyapa, kalmar da take nufin wuta mai kyau a harshen Twi. Asalin sunan na wani murhu ne da aka fara yi a Gana a shekarar 2002, wanda aka kwaikwayo fasalinsa daga murhun jiko na ƙasar Kenya, amma yanzu maƙera da yawa suna yin irinsa, kowa da ingancin aikinsa. Nawa ba shi da tambarin kowane kamfani. A wajen wani maƙeri na saye shi kusa da Suame Magazine, unguwar maƙera da kanikawa a Kumasi, a farkon 2023, saboda haka yabo da sukar da zan yi sun shafi wannan da na saya ne da ire-irensa marasa tambari. Matsakaici na ɗauka, kuma kuɗinsa a lokacin ya yi kusa da kuɗin buhun gawayi guda, wanda ya sa na daɗe tsaye a gaban rumfar ina jinjinawa, ganin cewa da rabin wannan kuɗin zan sami kurfotin ƙarfe na gargajiya har da canji.

Jikinsa na ƙarfe ne, mai faɗi sama da ƙasa da ƙugu a tsakiya, an kafa wani kasko na gasasshen yumɓu a rabin sama, kuma gindin kaskon yana da ƙananan ramuka da iska take shiga ta cikinsu, toka kuma take zuba ƙasa. A rabin ƙasa akwai 'yar ƙofa da ake buɗewa ko a rufe, sannan a baki akwai ƙarafa uku da tukunya take zama a kansu. Amfanin abin duka yana cikin yumɓun nan da ƙofar. Kurfotin ƙarfe zalla yana zubar da zafi ta kowane gefe, shi ya sa mai girki take jin ƙafafunta suna gasuwa tun kafin ruwa ya tafasa, ga shi kuma bakinsa a buɗe yake, iskar tsakar gida tana hura garwashi ko ana so ko ba a so. Yumɓu kuwa yana tare zafin ya tura shi sama zuwa gindin tukunya, ƙofar kuma tana ba mai girki iko a kan wuta: a buɗe ta idan ana neman tafasa, a rufe idan miya ta kai lokacin da take buƙatar wuta kaɗan. Akwai kuma wani abu da ban lura da shi ba sai daga baya, wato kaskon ƙarami ne, ba ya karɓar tulin gawayin da hannu ya saba zubawa, don haka ko yarinya aka aika ta hura wuta ba za ta iya yin ɓarna mai yawa ba.

Ga abin da littafina ya nuna. Da tsohon kurfoti, buhu guda yana yi mana kwana 21, wani lokaci ya gaza da kwana ɗaya ko biyu idan an yi baƙi. Da na sauya kurfoti ban sauya komai a yadda nake girki ba, da gangan, domin in san aikin murhun shi kaɗai, sai buhun farko ya yi kwana 28, na biyu ma haka. Ma'ana a cikin kwana 84 mun ƙone buhu uku a maimakon huɗu, kurfotin ya mayar da kuɗinsa kafin wata uku ya cika. Maƙerin ya ce mini, “Hajiya, rabin gawayinki za ki riƙa sa wa, in ba haka ba ki dawo mini da shi,” kuma ba zan ce na ga rabi ba, kashi ɗaya cikin huɗu na gani. Duk da haka ban mayar masa ba, domin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake saye kowane wata har ƙarshen rayuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Daga kwana 28 zuwa 34 da muke samu yanzu, wannan ba aikin maƙeri ba ne, aikin mai girki ne, sai dai kurfotin ne ya sa gyaran ya yi tasiri. Na daina hura wuta kafin in gama haɗa kayan miya, domin a da ina barin garwashi yana ci a banza ina can ina gyaran ayoyo ko jajjage. Waken da za a yi waakye da shi, wato dafa-dukan shinkafa da wake, ina jiƙa shi tun dare tare da karan dafi, da safe ya nuna cikin ɗan lokaci ba tare da an cika masa kanwa ba. Kowace tukunya da murfinta, ko da faranti ne aka kifa. Na kuma koyi jera girki a wuta ɗaya: abin da yake son wuta mai ƙarfi shi ne farko, miya ta biyo baya da ƙofa a rufe, sannan idan an sauke komai a ɗora ruwan wankan yara, domin yumɓun yana riƙe zafi tsawon lokaci bayan garwashi ya yi sanyi, kuma wannan zafin kyauta ne. Ragowar garwashin da bai cinye ba ina kwashe shi da cokalin ƙarfe in zuba a tsohon gwangwanin madara mai murfi, ya mutu da kansa don rashin iska, gobe a fara da shi. Idan aka lissafa shekara, buhu 17 ne a da, yanzu 11, kuma buhu shida da suka rage su ne suke sayen takalman makaranta da littattafai a farkon zangon karatu ba tare da na karɓi bashi ba.

Wadda na fi jin tsoron hukuncinta ita ce surukata, domin ita ce mai tuƙa tuwon zafi a gidanmu, kuma ta shafe shekaru tana yi a kan murhun da ta saba da shi. Tuƙin tuwo a tukunyar dalma mai zagayayyen gindi yana buƙatar a saƙala ƙarafa biyu a kunnuwan tukunya a take su da ƙafa, kuma kurfoti marar nauyi yakan yi rawa a ƙarƙashin muciya. Wannan nauyin yumɓun yana zaunar da shi daram. Ranar farko na ce mata, “Mma, in bai yi miki ba tsohon yana nan ban bayar ba,” ba ta ce komai ba sai da ta kwashe tuwon, sannan ta ce in rufe ƙofar ƙasa tun lokacin talge a gaba, domin wutar ta fi ƙarfin gindin tukunya har ƙanzo ya yi yawa. Tun daga ranar ba ta sake neman tsohon ba.

Aibinsa na farko shi ne yumɓu ba ya shiri da ruwa idan ya yi zafi, kuma maƙerin bai faɗa mini wannan ba, alhali magana ce ta numfashi ɗaya da za ta hana asara. Wata na biyar da sayensa babbar 'yata ta kashe wuta da ruwa kamar yadda ta ga ana yi wa kurfotin ƙarfe, nan take kaskon ya tsage daga baki har gindi. Ya ci gaba da aiki da tsagar na wasu watanni, ina liƙe ta da yumɓu da toka, amma daga ƙarshe gindin ya rufta, na koma aka sa mini sabon kasko a kan kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kurfotin. Na ji daɗi da ana iya sauya kaskon kaɗai, amma asara ce da ba ta zama dole ba. Na biyu, ƙarfen da ya yi ƙofar da shi siriri ne ƙwarai, damina ɗaya ta cinye maƙalinta da tsatsa, ga Kumasi kuwa da damina biyu a shekara, kuma kurfotin da ƙofarsa ta faɗi ya rasa rabin amfaninsa. Mai walda na unguwa ya sa mini wata mai kauri. Na uku, yana da nauyi, yaro ba zai iya ɗaga shi ya shigar baranda idan hadari ya taso ba, kuma idan ya faɗi daga hannu sai dai a yi haƙuri. Yana kuma ɗan jinkirin kamawa da safe kafin yumɓun ya ɗauki zafi, sai an haɗa da mafici. Girkin suna ko na Sallah kuwa ba nasa ba ne, babbar tukunya tana toshe masa baki ta kashe wutar, ranar taro dole a koma ga duwatsu uku da itace.

Kurfotin ba zai yi wa iyali cikakken amfani ba idan ana sayen gawayi kullum a ƙulle cikin roba, domin ribar mai ƙullawa tana cinye abin da yumɓu ya rage. Na san dalilin da ya sa mata da yawa suke saye haka, wanda kuɗinsa yake shigowa kullum da yamma ba ya iya fitar da kuɗin buhu a lokaci ɗaya, kuma ni ma na yi shekaru a haka. Abin da ya fitar da ni shi ne mai susu da yake zagayowa unguwa: ina zuba ɗan abu kowace rana, ƙarshen wata ya cire zubin kwana ɗaya ladansa ya ba ni sauran, in sayi buhu. Kafin hannuna ya kai, ni da maƙwabciyata muke haɗa kuɗi mu sayi buhu ɗaya mu raba shi biyu, mu kuma raba kuɗin aboboyaa, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da yake kawo shi ƙofar gida. Yawancin gawayin da muke ƙonawa a Kumasi daga wajajen Kintampo da Atebubu yake zuwa, kuma da ruwa ya sauka hanyoyin daji sun lalace sai ya yi tsada ya kuma zo da danshi, don haka wadda take da wurin ajiya mai bushewa gara ta sayi buhu biyu kafin watan Afrilu. A lura da buhun da aka yi wa ado da manya a baki aka cika cikinsa da gari, a ɗaga shi a ji nauyinsa, a kuma nemi gawayin itace mai tauri wanda yake ƙara idan an buga shi. Manyan gudaje sai an farfasa su kafin su zauna a wannan kaskon, garin da ya taru a gindin buhu kuma yana toshe ramukan iska, gara a barbaɗa shi kaɗan-kaɗan a kan wutar da ta riga ta kama.

Akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba, domin na ga masu ɗaukar irin wannan kurfoti su shigar da shi ɗaki lokacin sanyin hunturu ko ruwan dare, suna cewa ai ba ya hayaƙi. Rashin ganin hayaƙi ba ya nufin babu guba. Garwashi yana fitar da wata iska marar launi marar wari wadda take kashe mutum yana barci a ɗakin da yake rufe, kuma yumɓu ba ya hana wannan ko kaɗan. A baranda ko tsakar gida ake girki da shi, a can kuma ake barinsa ya huce.

Wadda za ta saya, ta ƙwanƙwasa kaskon da yatsa: wanda ya gasu sosai yana amsawa da ƙara mai tsabta, wanda bai gasu ba ko mai ɓoyayyiyar tsaga yana amsawa a dushe. Ta duba ko kaskon ya kafu bai motsi, ta buɗe ƙofar ta rufe sau da yawa, ta latsa ƙarfen jikin da babban yatsa ta ga ko yana lotsawa, domin a wannan kaya araha ba ta ado. Ta kuma tambayi mai sayarwa tun kafin ta biya ko yana sauya kasko, da nawa yake sauyawa. Mafi kyau ta tafi da tukunyar da ta fi yawan girki da ita ta ɗora a gani, domin ni da na sake saye da babban zan ɗauka saboda tukunyar waakye, in bar matsakaicin ga miya. Ga gidan da yake girki da gas kaɗai babu abin da zai ƙara musu, amma ga gida irin namu da ake hura gawayi safe da yamma, na riga na raka mata uku na gidanmu sun sayo nasu, kuma kowace na fara yi mata bayanin ruwa da yumɓu tun muna cikin mota kafin mu isa Suame.