Google Calendar a karkara: ta ƙware a lissafin mako, amma ba ta bin tsayuwar wata

Rayuwar ƙauye a Kano da Jigawa kan ranaku masu dawowa take tafiya. Alhamis ta kasuwar Maigatari ce, Juma'a ta Wudil, Lahadi ta Gujungu da Dambatta. Ga ranar awo da rigakafi a ƙaramin asibiti, ga zubin adashi, ga layin ban ruwa a Kadawa ko Auyo, ga taron iyaye da malamai. Sakataren ƙungiya ko malamar asibiti da ke riƙe da irin waɗannan ranaku goma a ka, dole wata rana ɗaya ta suɓuce. Don haka muka duba sashe guda na manhajar Google Calendar, wato inda ake saka abu sau ɗaya ya riƙa maimaita kansa. Kyauta ce ga duk mai adireshin Gmail, kuma da yawan wayoyin Android da ita suke zuwa.

Saka taron ba wuya. Ka buɗe manhajar, ka taɓa alamar tarawa da ke ƙasa ta hannun dama, ka zaɓi sabon taro, ka rubuta sunansa, ka sa rana da lokacin farawa da na tashi. A nan kusa da lokacin akwai layin da ke nuna cewa taron ba ya maimaituwa. Shi za ka taɓa. Zai kawo maka zaɓi na kullum, na kowane mako, na kowane wata, na kowace shekara, sai na ƙarshe wanda kai ne za ka tsara yadda kake so. Shawararmu ita ce kusan kullum ka shiga wannan na ƙarshen, domin a cikinsa ne ake faɗin tazarar da ke tsakani, da ranakun mako da abin zai faɗo, da kuma lokacin da zai tsaya: ko ba iyaka, ko zuwa wata rana, ko bayan adadi kaza.

A nan manhajar ta fi burge mu. Ɗauki adashin mutum 12 da ake zubawa duk bayan mako biyu ranar Laraba. Tazara mako 2, rana Laraba, a tsaya bayan sau 12. Nan take za ka ga ranar kwasar ƙarshe, mako 22 bayan ta farko, ba sai an tsaya ƙirga da yatsu ana musu ba. Jerin sunayen masu kwasa kuwa a rubuta shi a wurin bayanin taron, daga na ɗaya zuwa na goma sha biyu, kowa ya buɗe ya ga layinsa. Asibitin da ke rigakafi Litinin da Alhamis ba ya buƙatar taro biyu, sai a danna ranakun biyu a cikin tsari ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar "kowane wata" daidai da "duk mako huɗu". Ba ɗaya ba ne, kuma a aikin lafiya bambancin yana da nauyi. Allurar Penta, ta rigakafin cututtuka biyar, ana yi wa jariri ita ne a mako na 6, na 10 da na 14, wato tazarar mako huɗu cif. Idan an yi ta farko ranar Talata 3 ga Maris 2026, tsarin mako huɗu zai ba ka 31 ga Maris da 28 ga Afrilu, duka Talata, ranar da ma'aikata ke zaune da akwatin sanyi. Tsarin wata-wata kuma zai kai ka 3 ga Afrilu, ranar Juma'a, uwa ta sha tafiya da goyo ta tarar ba ranar allura ba ce. Haka maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa ƙananan yara da damina, shi ma tazararsa kwana 28 ce. A shekara guda, duk mako huɗu sau 13 ne, wata-wata sau 12. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗin memba ta tabbatar wanne ta yarda da shi tun kafin a saka, in ba haka ba ƙarshen shekara akwai rigimar zubi ɗaya.

Shi kansa tsarin wata-wata iri biyu ne: ko bisa kwanan wata, kamar 10 ga kowane wata, ko bisa ranar mako, kamar Asabar ta biyu. Akwai tarko a kowanne. Wanda ya sa abu ranar 31 ga wata, manhajar ba za ta matso masa da shi zuwa 30 ba. Tsallake watan take yi gaba ɗaya. Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba duk za su wuce shiru, tunatarwa bakwai kawai zai samu a shekara. Mai biyan kuɗin haya ko albashin maigadi a ƙarshen wata ya sa 28, ita ce babbar ranar da kowane wata ke da ita. A ɗaya ɓangaren, Asabar ta huɗu daban, Asabar ta ƙarshe daban, domin wasu watanni Asabar biyar gare su. Aikin tsaftar muhalli na Kano, alal misali, Asabar ta ƙarshe ake yi. Sai ka fara taron daga ranar da ita ce ta ƙarshe a watan, sannan ka karanta zaɓin da kyau kafin ka adana.

Ga manomin rani akwai tsarin kwanaki, kamar ban ruwa duk bayan kwana 3. Yana aiki sarai, sai dai a sani ba ya manne wa ranar mako. Yawo yake yi, kuma sau ɗaya a kowane mako uku zai faɗo Juma'a, sau ɗaya kuma ranar kasuwarku. Idan masu raba ruwa sun fi son tsayayyun ranaku, gara a sa Litinin da Alhamis a tsarin mako. Kuma a sa masa ranar tsayawa. Tunatarwar ban ruwan tumatir da ke ci gaba da ƙara a tsakiyar Agusta ita ke koya wa mutum yin biris da ƙarar wayarsa, har ranar da mai muhimmanci za ta zo ya share ta ba tare da ya duba ba.

Yanzu ga inda manhajar ta gaza mana, kuma gazawar ba ƙarama ba ce a ƙasar Hausa. Maimaitawarta kalandar Miladiyya kaɗai take bi. A cikin saituna akwai wurin ƙara kalanda ta biyu, kuma ta Hijira tana ciki, sai ka riƙa ganin kwanan watan Musulunci a gefen na Bature. Amma gani ne kawai. Ba za ka iya cewa abu ya dawo duk 1 ga Muharram ko duk 15 ga Sha'aban ba. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka ɗan kasuwar da ya sa ranar cikar shekarar zakkarsa a tsarin shekara-shekara zai makara da kwana goma sha ɗaya a shekarar farko, da fiye da mako uku a ta biyu. Ko kwanan da take nunawa ma lissafi ne, yana iya saɓa wa sanarwar Sarkin Musulmi da kwana guda. Mafita ɗaya ce: duk abin da ke bin wata a saka shi da hannu, ɗaya bayan ɗaya, bayan an ji tsayuwar wata. Makarantun Islamiyya da kwamitocin masallaci su ne wannan giɓi ya fi shafa, kuma muna ganin ya cancanci a gyara shi.

Haka batun lokaci. Mu "bayan magariba" muke cewa, ita kuma ƙarfe nawa take tambaya. A yankin Kano rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba, amma a Yuli sai kusan 7 saura kaɗan. Taron da aka kafe a 6:30 duk shekara, wani lokaci zai zo bayan an idar, wani lokaci kafin a kira salla. Dabarar ita ce a yanka jerin taron kashi-kashi, kowane wata uku a matsar da lokacin.

Matsarwar kuwa ita ce wurin da ake ɓarna mafi yawa, don haka a kula sosai. Duk lokacin da ka gyara ko ka goge taro mai maimaituwa, za a tambaye ka abu uku: wannan kaɗai, ko wannan da masu biyo bayansa, ko dukkansu. Idan Sallah ta faɗo ranar taronku, na farko za ka zaɓa. Idan an sauya lokaci daga yau zuwa gaba, na biyu. Na uku yana taɓa har na baya da suka wuce, sai ka tarar tarihin zaman bara ya koma sabon lokaci, kuma yana iya warware gyaran da ka yi wa wasu ranaku daban. Gogewa ma akwai abin lura: abin da aka goge yana zama a kwandon shara na kwana 30, ana iya dawo da shi ta kwamfuta, amma idan zaɓi na biyu aka bi wajen gogewar, ba ya shiga kwandon, ya tafi ke nan. Yatsa ɗaya da ya zame a kan ƙaramin allon waya ya isa ya share jadawalin zango guda.

Wajen aiki tare da jama'a, kada sakatare ya saka tarukan ƙungiya a kalandarsa ta kansa. A buɗe sabuwar kalanda da sunan ƙungiyar, a raba ta ga waɗanda abin ya shafa. Buɗe sabuwar kalanda ba a yin sa a cikin manhajar waya, sai ta burauza. Wanda ba shi da kwamfuta ya buɗe Chrome a wayarsa ya nemi shafin a siffar kwamfuta, rubutun ƙanana ne amma yana yiwuwa. Izinin gyara a ba mutum biyu kawai, sauran su tsaya a gani. Dalilin mutum biyu shi ne wayoyi suna ɓata, ana sace su a kasuwa, kuma da yawa ba su san kalmar sirrin Gmail ɗinsu ba saboda mai shagon waya ne ya buɗe musu. Idan wanda aka raba wa kalandar ya ce bai ga komai ba, ya shiga saituna, ya taɓa sunan kalandar, ya kunna makunnin da ke haɗa ta da intanet. Mafi yawan lokaci matsalar ke nan.

Rashin sabis bai cika hana ta aiki ba. Abin da ya riga ya sauka a waya yana nan, kuma ana iya saka sabo ba data, ya tafi daga baya. Illar ita ce idan shugaba ya ɗage taro da safe, wanda ke gona inda ba sabis tsohon lokaci zai ci gaba da gani. Ɗagewar gaggawa har yanzu kiran waya take so. Tunatarwa kuma ana iya sa har biyar a kan taro ɗaya. Ga ƙauyen da tafiyarsa awa guda ce a kan babur, a sa ɗaya tun jajibere da yamma, ɗaya kuma awa biyu kafin lokaci. Idan ba ta ƙara, a duba tsarin tattalin batir na wayar, domin yakan rufe manhajoji a ɓoye, sai a cire kalandar daga cikin waɗanda yake rufewa. A kuma tabbatar agogon wayar yana saita kansa, kuma yankin lokaci na Legas ne. Ma'aikatan da ke zama ta intanet da abokan aiki a Ingila su sani cewa idan can aka ƙirƙiri taron, ƙarfe 10 na Landan 11 ne a nan daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watannin kuma 10 ne daidai.

Babban cikas na ƙarshe shi ne masu ƙaramar waya. A da manhajar tana aika tunatarwa ta saƙon tes, amma Google ta daina wannan ga masu Gmail na kyauta tun 2015, ta kuma rufe shi gaba ɗaya a Janairun 2019. A ƙungiyar manoma ko ta mata masu adashi, inda galibi wayar tocila ce a hannu, kalandar ba za ta kai ga kowa ba. Amfaninta a irin wannan wuri shi ne ta zama ta sakatare da mataimakinsa: a sa tunatarwa kwana biyu kafin taro, su kuma su kira masu unguwanni, ko a ba ladan ya sanar bayan sallar isha.