Injin da Ba Ya Ɗaukar Zafi: Wane Tamostat Ya Dace Ka Saya?

Direbobi da yawa suna murna idan suka ga allurar zafi ta kwanta a ƙasa bayan tafiyar rabin sa'a, suna ɗauka alamar lafiya ce, alhali kuwa an ƙera injin mota ne domin ya yi aiki a zafin da ya kai kimanin digiri 90 a ma'aunin Salshiyas. Injin da ya kasa kaiwa nan yana shan fetur fiye da ƙima, domin kwamfutar motar tana ci gaba da ƙara masa mai kamar yanzu aka tayar da shi da asuba. Fulogi yana yin baƙi, tururin ruwa yana taruwa a cikin baƙin mai har ya zama laka, ƙarafan ciki kuma suna saurin cinyewa.

Abin da aka fi zargi a nan shi ne tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai injin ya ɗauki zafi, amma kafin a kashe ko kwabo, ya kamata a tabbatar da inda laifin yake. A tayar da injin yana sanyi, a ɗora hannu a kan tiyon da ke kai ruwan zafi daga inji zuwa lagireto, a kiyaye fanka da bel. Idan tamostat lafiya yake, tiyon zai daɗe da sanyi, sa'an nan ya ɗauki zafi farat ɗaya lokacin da bawul ya buɗe. Idan kuwa ya fara ɗumi a hankali tun daga mintunan farko, to tamostat ya maƙale a buɗe, ko kuma babu shi gaba ɗaya. Wannan na biyun ya fi yawa a garejojinmu, inda aka saba cire shi daga motocin tokumbo da hujjar cewa na ƙasashen sanyi ne, a kuma haɗa wayar fanka kai tsaye ta yi ta juyi ba hutawa. Wanda ya bi hanyar Jos da sassafe a lokacin hunturu ya san sakamakon. Idan aka sa na'urar duba kwamfutar mota, lambar P0128 ita ce ke nuna ruwa bai kai zafin da ake bukata ba. Amma idan tiyo da lagireto sun yi zafi sosai, allura kuma tana ƙasa, zargi ya koma kan na'urar auna zafin ruwa, kuma sabon tamostat ba zai gyara komai ba.

Idan an tabbatar tamostat ne, zaɓi mafi kwanciyar hankali shi ne na asali, wato na kamfanin da ya ƙera motar, wanda ake nema da lambar kaya. Ya fi tsada, amma tsawonsa da faɗinsa da zafin da yake buɗewa duk sun dace da injin. Wannan batun tsawo ba ƙarami ba ne, domin a injuna da yawa ƙasan tamostat yana ɗauke da faifan da ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya dawo cikin inji ba tare da ya shiga lagireto ba, kuma idan faifan bai kai ba, motar da ke fama da sanyi za ta iya komawa fama da zafi.

Na biye masa su ne na sanannun kamfanoni irin su Aisin, Tama, Gates, Mahle da Wahler, waɗanda wasunsu ma ke sayar wa masu ƙera motoci kaya. A ganina, a nan ne mai matsakaicin ƙarfi ya kamata ya tsaya, muddin ya samu amintaccen mai shago, domin jabu a cikin kwali mai kyau ba baƙon abu ba ne. Na gwanjo da ake cirowa daga tsofaffin injuna a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna yana da araha, kuma sau da yawa na asali ne, sai dai ba wanda ya san shekarun da kakin da ke cikinsa, mai buɗe bawul idan ya ji zafi, ya yi yana narkewa yana daskarewa. Wanda ya zaɓe shi ya gwada shi a tukunyar ruwa a kan wuta: dole ne ya kasance a rufe ruf cikin ruwan sanyi, ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya kuma koma ya rufe idan ya huce.

Lambar da aka buga a jikin ƙarfen ita ce zafin da yake fara buɗewa. Injunan Toyota da yawa suna amfani da mai lamba 82, motocin Turai da dama kuma 87 zuwa 92. Akwai masu lamba 71 da ake tallatawa a matsayin na ƙasashen zafi, amma ba na ba da shawarar sayensu, domin da zarar bawul ya buɗe gaba ɗaya, ƙarfin lagireto da fanka ne ke hana zafi wuce iyaka, ba lambar tamostat ba. Wasu sababbin motoci, kamar na BMW da Volkswagen, suna da tamostat mai wayar lantarki a haɗe da gidansa, wanda dole a saye shi dunƙule.

Kowanne aka saya, a haɗa da sabuwar robar da ke zagaye bakinsa, a kuma tabbatar makanike ya juya ɗan ramin fitar iska zuwa sama idan akwai shi. A cika lagireto da ruwan sanyaya inji na ainihi maimakon ruwan rijiya mai kawo tsatsa, a fitar da iskar da ta maƙale, sa'an nan a mayar da wayar fanka yadda kamfani ya tsara ta.