Ɗan ɗakin katako a tsakiyar hunturu: kankare ko turakun ƙarfe?

In za ka kafa ɗan ɗakin katako a inda ƙanƙara ke zuba, rigimar farko ba katakon bane, ƙasa ce. Ko ka zuba kankare ko kuma ka murɗa turakun ƙarfe cikin ƙasa.

Kankare kam kowa ya san ƙarfinshi, amma fa sanyi ba ya mishi daɗi ko kaɗan, da zarar yanayi ya sauka ƙasa da digiri 5 siminti sai ya fara jan ƙafa wajen kamawa, in kuma ruwan ciki ya daskare kafin ya kama to ka yi asara, don ruwa in ya zama ƙanƙara kumbura yake da kusan kashi 9 cikin ɗari, sai ka ga saman yana marmashewa daga baya. Dole ruwan ɗumi wajen kwaɓi, dole bargo na rufewa, wani lokacin har da hita kwana da kwanaki, kuma ba a zubawa kan daskararriyar ƙasa sam.

Turakun kuwa inji ne ke murɗa su har su wuce zurfin da sanyi ke kaiwa, ranar ma sai ka ɗora katako. Matsalarsu ƙasa mai duwatsu, sannan iska na bi ta ƙarƙashin daɓen, in ba ka toshe da kyau ba ƙafarka ce za ta gaya maka.

Ni dai turaku zan ɗauka. Fentin waje kuwa a bar shi sai an samu ɗumi, yawancinsu ba sa bushewa yadda ya kamata cikin sanyi.