Shafin National Agricultural Law Center: me zai amfani lauya mai sha'awar dokar rancen manoma?

Na shafe wasu makonni ina karatu a shafin intanet na National Agricultural Law Center, cibiyar da Majalisar Dokokin Amurka ta kafa a 1987 a Jami'ar Arkansas, domin in fahimci aikin lauyoyin da ke kula da manufofin noma da rancen manoma a gwamnatin tarayyar ƙasar. Shiga kyauta ce, kuma an kasa kayan karatun zaure-zaure, kowane fanni da nasa dokoki da hukunce-hukuncen kotu da rahotanni.

Zauren kuɗi da rance shi ne ya fi ɗaukar mini lokaci, domin ta nan mutum zai bi sawun tsarin tun daga tushe. Dokar 1916 ce ta kafa bankunan da ke bai wa manoma rance a kan filayensu, sannan a 1933 Shugaba Roosevelt ya ƙirƙiro Farm Credit Administration, hukumar da ke sa ido a kansu, wadda a yau take aiki da dokar 1971. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda masifar shekarun 1980, lokacin da farashin filaye ya karye, bashi ya yi wa manoma katutu, ta sauya fasalin aikin lauya a wannan fage. Daga cikinta aka samu Babi na 12 na dokar fatara, wato dokar waɗanda suka kasa biyan bashi, a 1986, wanda ya ba ƙaramin manomi damar sake tsara bashinsa ba tare da ya rasa gonarsa ba, aka kuma samu dokar 1987 da ta kafa Farmer Mac, kamfanin da ke sayen basussukan noma daga hannun masu ba da rance, tare da ƙarfafa haƙƙin mai karɓar rance kafin a ƙwace masa jingina. Wanda bai san wannan tarihi ba zai karanta ƙa'idojin hukumar ne kamar wanda ya shigo zance a tsakiya.

Laccocin bidiyo da cibiyar ke shiryawa suna da amfani, sai dai ban jima a kansu ba.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa an gina shafin ne domin lauyoyi da manoman Amurka, saboda haka ana ɗauka mutum ya riga ya san bambancin ikon tarayya da na jiha a can, ya kuma san yadda ake jinginar da amfanin gona da dabbobi a dokar kasuwancinsu. Lauyan da ya yi karatu a Zariya ko Kano zai ɗan sha wuya da farko, kodayake dokar Najeriya ta 2017 kan jinginar kadarori masu motsi za ta ba shi madafa, tunda manufarsu ta yi kusa. Shawarata ita ce ya fara da taƙaitaccen bayanin da ke bakin zauren kafin ya taɓa hukunce-hukuncen kotu.