Shagon ɗaukar hoton tsoffin takardu a Garwa: hoto ya yi, leda kuwa a guje ta

A gefen babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, akwai wani shagon kwafin takardu da ya fara karɓar aikin kayan gado: Alƙur'anai rubutun hannu, waƙoƙin ajami na Hausa da Fulatanci, wasiƙun sarakuna, har da rasidin haraji na zamanin Faransa. Aiki uku suke yi: ɗaukar hoto, jera warƙoƙi, da liƙa leda. Biyun farko sun ci kuɗinsu. Na ukun ɓarna ce tsagwaronta.

Wajen hoto sun san abin da suke yi. Ba sa cusa takarda cikin na'urar da ke jan ta, wadda kan yage gefen da ya riga ya rube. Kyamara ce a kafe daga sama, fitila biyu dama da hagu, baƙin kwali a ƙasa, rula a gefe don a san girman takardar. Suna ɗaukar gaba da baya, kuma haka ya kamata, domin sau da yawa a bayan wasiƙa ake samun sunan wanda aka aika wa. Sai dai in ba ka yi magana ba, ta WhatsApp za su turo maka, shi kuwa matse hoto yake yi har wasulla su dushe. Ka je da filashinka, ka nemi TIFF, wato nau'in fayil ɗin hoto da ke riƙe ingancinsa, aƙalla 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto), hatimi kuma 600.

Abin da ba sa yi sai an roƙa shi ne hasko takarda ta baya, alhali a nan shaida take. Yawancin takardun da malaman ƙasar nan suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19 daga arewacin Italiya suka fito, suka biyo ta Tarabulus da Masar. In ka ɗaga irinsu a rana za ka ga jinjirin wata uku a jere da siraran layuka a jikin takardar, wani lokaci da sunan Andrea Galvani na garin Pordenone. To amma a yi hattara: wannan alama shekarun takarda take nunawa, ba ranar rubutu ba, kuma an ci gaba da shigo da irinta har cikin ƙarni na 20. Don haka jinjirin wata uku kaɗai ba sa mai da wasiƙa ta zamanin Modibbo Adama, wanda ya kafa masarautar Adamawa, ya rasu a 1847. Wasiƙar da aka rubuta da biro kuwa aka ce ta girmi zuwan Jamusawa Garwa a 1901, ba ta ma buƙatar muhawara, tunda biro sai bayan yaƙin duniya na biyu ya bazu.

Mai jera musu warƙoƙi almajiri ne da ya iya karatun Barnawi, wato salon rubutun Barno. Littattafanmu ba a ɗinke suke ba, a tadarishi ake ɗaure su a sa a gafaka, in sun hargitse sai a bi kalmar da marubuci ya ajiye a ƙasan shafi, wadda da ita shafi na gaba ke farawa. Yana bin ta da haƙuri, yana kuma rarrabe rubutun hannu da bugun Kano da aka ɗauko daga hannun marubuta: tawadar bugu bai ɗaya take, ta alƙalami kuwa takan yi kauri bayan an tsoma sannan ta yi ta raguwa. Ka tsaya a kansa ya sa lamba da fensir mai taushi, a kusurwa.

Leda fa? Na'urar tana narkar da gam da zafin da yakan kai digiri 100 ko fiye, gam ɗin ya shige cikin takarda, ba ya kuma fita. Laimar da ke ciki ta kulle ke nan. Tawadar bagaruwa mai ƙarfe, wadda dama cin takarda take yi har ta huda ta a kan layin haruffa, zafi ƙara mata ƙarfi yake. Masanin da zai so ya taɓa takarda ya tantance ta kuma ya rasa hanya, darajarta ta faɗi. Haka selotef da suke toshe yaga da shi: yakan bar tabo ruwan ƙasa bayan 'yan shekaru. Ruwa ma kada a bari su shafa, tawadar gawayi da ƙaro nan take take zuba.

Ka karɓi kayanka yadda ka kai su. Kowace wasiƙa a naɗe ta cikin farar takarda marar asid, a kwantar a akwati, a cire ƙusar sitefula da duk wani ƙarfe mai tsatsa. A ɗora akwatin a saman kantar ajiya, nesa da ƙasa da bango saboda gara, a riƙa buɗe shi ana dubawa da damina, lokacin da laimar Binuwai ke kawo funfuna. Wasiƙar da ta daɗe a ninke kuma kada a kai ta shagon da hunturu, don a lokacin ne take karyewa a kan ninkin da zarar an buɗe.